In ne, ko da ne?

Yara, ranar da kuka shiga kwaleji za ku fara koyon Ingilishi. A can za ku gamu da wata ƴar kalma mai baƙaƙe biyu, watau "if". Ƴan makaranta da yawa suna jin tsoronta. Sukan haddace ƙa'idodinta kamar aku: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ran jarrabawa kuwa sai kai ya ɗaure. A ganina hadda kaɗai ba ta kai mutum. Mabuɗin yana cikin Hausar da kuka sha a nono.

Hausa tana da kalmomin sharaɗi biyu. Manomi yakan ce: "In ruwa ya sauka, za mu yi shuka." Wannan yana sa rai, irinsa na cikin ƙwarya. Wata rana kuma ya ce: "Da ruwa ya sauka, da mun yi shuka." Nan kowa ya san ruwa bai zo ba. Ɗan shekara biyar ma ya san bambancin, ba wanda ya rubuta masa a allo.

Ingilishi kuwa da "if" ɗaya yake yin aikin biyun, kamar yadda Faransanci yake yi da "si". Saboda haka aikatau ne yake ɗaukar kayan, shi yake canzawa. Ku duba:

In ruwa ya sauka, za mu yi shuka.
If it rains, we will sow.

Da ina da jaki, da na ɗauko itace.
If I had a donkey, I would bring wood.

Da ka zo jiya, da ka ga sarki.
If you had come yesterday, you would have seen the chief.

Jimla ta farko abin da zai iya faruwa ne. Ta biyu buri ne, don yanzu babu jakin. Ta uku ta riga ta wuce, ita ce ta "da na sani", wadda aka ce ƙeya ce. To, kafin ka ɗora alƙalami a takarda, ka tambayi kanka da Hausa: in ne, ko da ne? Idan da ne, ka sake tambaya: zancen yanzu ne, ko na jiya? Wanda ya amsa waɗannan ya yi rabin aiki.

Wasu malamai suna cewa kada a kawo Hausa cikin darasin Ingilishi, wai tana rikita yaro. Akwai gaskiya a maganarsu. Mu mukan ce "in ya zo", kamar ya riga ya zo. Yaron da ke juya kalma bayan kalma sai ya rubuta "if he came", alhali "if he comes" ne daidai. Wani kuma ya tuna abin bai faru ba tukuna, ya rubuta "if he will come", shi ma kuskure ne. Amma laifin na juya kalma bayan kalma ne. Hausa ma'ana take ba ka, sa'an nan ka nemo mata rigar da ta dace a Ingilishi. Wanda bai san abin da yake so ya faɗa ba, babu ƙa'idar da za ta cece shi.

Wannan zance bai tsaya ga jarrabawa ba. Iyakarmu da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1,500, kuma Ingilishi ne harshen gwamnati a can. A Gana ma haka ne, inda ake kai albasar Galmi. A shekarar 2025 Nijar ta ɗauki Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Gobe ku ne za a miƙa wa takarda a ce ku karanta.

A ce wani ɗan kasuwa na Kumasi ya rubuto wa kawunka: "If I had money, I would buy fifty bags." Kai kuma ka ce wa kawu: "Ya ce in ya sami kuɗi zai sayi buhu 50." Kawu ya ɗora albasa a mota, ya biya haya, ya yi tafiyar kwanaki. Alhali mutumin cewa ya yi: "Da ina da kuɗi, da na saya." Ba shi da kuɗin, bai kuma yi alkawari ba. Albasa ba ta jiran kowa, sai ta ruɓe.

Saboda haka ku fara tun yanzu. Ku saurari iyayenku a gona da kasuwa, ku lura da inda suke cewa "in" da inda suke cewa "da". Kowace rana ku rubuta jimla biyu, ɗaya da in, ɗaya da da, ku juya su da Faransanci. In kun saba da haka, ranar da "if" ta zo ba za ta zama baƙuwa gare ku ba.