Ga 'yan cin rani: a daina aiko wa ɗalibai kwamfuta mai fuskar 4K

Da wuya ka shiga gida a Adar ba ka tarar suna da ɗa a Abijan, Libiya, Aljeriya ko Turai ba. A da rediyo da agogo ne tsaraba. Yanzu kwamfutar tafi-da-gidanka ake aiko wa ƙane mai karatu a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, kuma mai aikowa, don ya fita kunya, sai ya zaɓi wadda aka rubuta wa 4K. A ganina wannan kuɗi bai tafi inda ya dace ba.

Fuskar kwamfuta ƙananan ɗigo ne jere. Tsohuwar kwamfuta mai inci 15.6 tana da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, wato kusan 100 a kowane inci. Mai 4K tana da 3840 da 2160 a fili ɗaya, kusan 282 a inci. To, tsofaffin manhajoji da lissafin ɗigo 96 a inci aka ƙera su. Akwatin 'yar kibiyar linzami mai ɗigo 32, wanda yake kusan milimita 8 a tsohuwar fuska, sai ya koma ƙasa da milimita 3. Rubutu ya zama kamar tururuwa, ɗalibi na ta kafa hanci a gilashi yana laluben kibiya.

Windows 10 da 11 suna ƙara girman da kansu. Matsalar tana ɓullowa idan mai gyara ya goge ya ɗora tsohuwar Windows, ko aka saka tsohuwar manhajar lissafin kuɗi da ba ta san wannan fuska ba. Maganin da wasu masu gyara ke yi shi ne rage yawan ɗigon, komai ya yi dishi-dishi, su karɓi kuɗinsu. Wannan ba gyara ba ne.

Gyaran kyauta ne. A Paramètres, ƙarƙashin Système, a mayar da Mise à l'échelle zuwa kashi 200 ko 250. Girman kibiya yana cikin Accessibilité, daga 1 har 15. Manhajar da ta ƙi, a shiga Propriétés ɗinta, a sashen Compatibilité a bar wa Windows ta buɗa ta. Wata za ta gyaru, wata za ta ɗan dushe.

Abin da ba ya gyaruwa shi ne batir. Fuskar 4K ɗigo miliyan 8.3 take haskawa, ninki huɗu na mai 1920 da 1080, kuma caji take ci. Wanda zai tafi hutu Abalak ko Keita, ko yake zaune a Tawa lokacin zafin Afrilu da wuta ke yawan ɗaukewa, awa ɗaya ta ƙarin caji ta fi masa kaifin hoto amfani. In ba zane ko tace bidiyo yaron yake yi ba, a saya masa mai 1920 da 1080, rarar kuɗin a nemi batir mai lafiya da caja ta asali.