Dogon Hutu Ba Zango Na Huɗu Ba Ne

Ina roƙon gafarar 'yan'uwana malamai tun da wuri, domin abin da zan faɗa zai taɓa aljihun wasunmu, har da nawa.

A ranar da muke rufe zango na uku a ƙarshen watan Yuli, iyaye sukan zo karɓar sakamakon 'ya'yansu. Kafin uwa ta gama duba takardar, sai ka ji ta ce, "Malam, yaushe za a fara lesin?" Ba ta tambayi ranar komawa makaranta ba. Yaron kuwa yana tsaye a gefenta da akwatinsa a ka, bai ko kai ƙofar gida ba an riga an sayar da hutunsa. Litinin ta biyu da hutu, sai ka ga yara a titunan Kafanchan da jakunkuna a baya, suna tsallake taɓo da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Abin da ya canza kawai shi ne ba su sa kayan makaranta ba.

Ra'ayina shi ne wannan al'ada ta wuce gona da iri. Shekarar karatu zango uku ce. Makonni shida ko bakwai da ke tsakanin Yuli da Satumba na gida ne da na gari, ba na allo da alli ba.

Ni ma na koyar da lesin hutu shekaru da dama, na kuma karɓi kuɗinsa, domin albashin malami kowa ya san inda yake tsayawa. Saboda haka na san abin da ake yi a ciki. Yawanci mukan ɗauko aikin zango na ɗaya mai zuwa mu fara shi, sa'an nan a watan Satumba mu sake maimaita shi saboda waɗanda ba su zo ba. Wanda ya zo lesin sai ya zauna yana hamma, ya ga ya riga ya sani, alhali rabin sani ne. Ban ce babu mai bukatar taimako ba. Ɗalibin da zai shiga ajin ƙarshe, WAEC da NECO suna jiransa, ya yi makonni biyu ko uku a kan lissafi da Turanci, ba laifi. Yaron da ya gama firamare bai iya haɗa baƙi ba, shi ma a zauna da shi. Amma yarinya 'yar shekara goma sha biyu wadda ta zo ta uku a ajinta, me ta yi aka hana ta hutu?

Kowace shekara, a makon farko na komawa, nakan ce wa 'yan ajina su rubuta yadda suka yi hutu. A dā nakan ji daɗin gyaran wannan aiki. Wani ya je ƙauye maciji ya kore shi daga gonar acca, wata ta koyi dama kunu a wurin kakarta ta ƙona tukunya. Yanzu takardu arba'in kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su: na je lesin, na dawo, na kalli fim a waya, na yi barci. Bara na ajiye jan birona na tambaye su wa ya taɓa ganin ruwan Matsirga da idonsa. Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ga shi kuwa a bayan gari yake, wajen Madakiya, kuma a watan Agusta ne ruwan yake cika yana zubowa daga kan dutse kimanin mita 30, ƙararsa kaɗai ta isa ta sa yaro ya yi shiru. Baƙi suna tasowa daga nesa su ɗauki hoto, 'ya'yan gida ba su san hanya ba.

Haka zancen Nok. Muna koya musu a aji cewa a shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono gumakan yumɓu a ƙauyen Nok, can ƙasar Ham kusa da Kwoi, kuma waɗannan gumaka sun haura shekara dubu biyu. Suna haddacewa, suna ci a jarrabawa. Amma da na gaya musu cewa shahararren kan nan da ake kira kan Jama'a a nan yankinmu aka same shi a 1943, har wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doyarsa don tsorata dabbobi kafin a kai shi Jos wurin Bernard Fagg, sai suka buɗe baki. A zatonsu Nok wata ƙasa ce mai nisa, kamar Masar. Tashar jirgin ƙasa kuwa, wadda ta mai da Kafanchan gari tun da layin Fatakwal da na Jos suka haɗu a nan wajen 1927, suna wuce ta kullum a kan acaɓa ba tare da sanin dalilin da ya sa ake samun Ibo da Yarbawa da Hausawa da suka yi kaka da kakanni a garin nan ba. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna nan da ransu, kaɗan suka rage. Ba wanda ya tura musu yaro ya zauna ya ji labari.

Bari in koma gida, domin can ne asarar ta fi yawa. Dogon hutunmu yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da gona take neman hannu. Lokacin maimai ne da huɗa, lokacin cire ciyawa a gonar citta, kuma kafin a koma makaranta acca ta fara nuna. Sa'ad da muke yara, kwana biyu da hutu za a sa mu a mota zuwa ƙauye. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban so ba. Hannuna ya yi kanta, ƙafata ta sha ƙaiƙayi. Amma a wurin gayya na ga yadda magidanta ashirin suke gama gonar gwauruwa kafin rana ta take, ba wanda ya karɓi sisi, sai gwate da kunu a inuwa. A can na koyi gaishe da manya da harshenmu. Da dare, ana gasa sabuwar masara ana ɓare dafaffiyar gyaɗa, kakata takan lissafa mana danginmu gida gida, wa ya auri wa, wa ya yi ƙaura zuwa ina.

Yau ɗalibai nawa ne a cikinku za su iya hira ta minti biyar da kakanninsu da Jju, ko Tyap, ko Fantswam, ko Hyam? Hausa da Turanci sun ishe ku kasuwa da ofis, ni ma da Hausa nake rubuta wannan. Amma harshen gida ba ya cikin jadawalin makarantarmu, kuma ba mai lesin da zai koyar da shi. Kaka ce malamarsa, lokacin karatunsa kuwa shi ne dogon hutu. In tsohuwar ta tafi, an rufe ajin ke nan. Sa'ad da cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, iyaye da yawa sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Na lura wasu yaran ba su ma gane dangantakar abin biyu ba, domin ba su taɓa taka gonar da take biya musu karatu ba.

Na san amsar da iyaye za su ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce, "Malam, ƙauyen da kake magana ba shi ne na yau ba." Gaskiya ne. Akwai ƙauyukan da aka kai wa hari, akwai hanyoyin da mutum ba ya bi da yamma, akwai gonakin da masu su ma sun daina zuwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin motar iyali guda ya zama abin lissafi. Ga uba yana wurin aiki, uwa tana kasuwa, in an bar yaro a gida sai waya ko yawon banza. A wurin iyaye da yawa lesin ba don karatu ba ne, wurin ajiye yaro ne inda ido yake kansa. Ban raina wannan ba. Ba kuwa zan ce wa kowa ya tura ɗansa inda hankalinsa bai kwanta ba.

To amma in ƙauye ya gagara, gari fa? A nan ne nake ganin laifinmu mu manya. Sa'ad da nake aji biyu na sakandare, samarin unguwanni sukan shirya gasar ƙwallo ta hutu da kansu. Kofin ma na roba ne, alƙalin wasa wani tela ne mai usur. Amma a ƙungiyar unguwarmu mai tsaron gida Bahaushe ne, mai cin ƙwallayenmu ɗan Ibo, kuma in aka tashi duk gidan da ya fi kusa nan za a sha ruwa. Garin nan ya ga tashin hankali a watan Maris na 1987, ya sake gani a watan Afrilu na 2011 bayan zaɓe, lokacin da kasuwa ta ƙone, aka yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Tun daga nan mutane suka ja jiki, kowa ya koma cikin nasa. Ɗalibanmu na yanzu kusan duka bayan wannan aka haife su ko suna goye. Ba su yi faɗa da kowa ba, amma sun gāji unguwannin da ba a shiga. Makarantunsu dabam, lesin ɗinsu dabam. In ba a filin ƙwallo a watan Agusta ba, a ina ɗan wannan unguwa zai san sunan ɗan waccan?

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Filayen makarantun firamare suna nan ciyawa tana cinye su duk hutu. Zangon 'yan Birged na maza da na mata da 'yan Sikawut yana nan, sai dai kwana kaɗan ne, kuma yaran da iyayensu suka iya sayen kayan sawa ne suke zuwa. Masu unguwa da shugabannin matasa, da na majami'u da na masallatai, za su iya zama sau ɗaya a watan Yuni su raba makonnin: ga ranakun ƙwallo da langa, ga ranar da 'yan mata da samari za su share magudanun ruwa kafin ruwan Agusta ya cika su, ga yammacin da za a kawo tsofaffi su yi tatsuniya. Iyalai biyar su haɗa kuɗin mota ɗaya su je Matsirga da rana tsaka, da manya a tare da su, kuma kada kowa ya shiga ruwan, domin a damina ba ya wasa. Kafinta da tela da mai gyaran waya a kowane layi suna iya karɓar yaro ɗaya na mako uku. Kuɗin lesin yaro guda ya isa sayen ƙwallo da usur.

Ku kuma ɗalibai, kada ku ɗauki wannan takarda ku kai wa Baba ku ce Malam ya ce a daina karatu. Ban faɗa ba. Ku ari littafi ɗaya ko biyu daga laburare kafin a rufe, ku karanta don daɗi, ba don jarrabawa ba. In an ce ku je gona, ku je ba tare da kumbura baki ba.

A nawa ɓangaren, na riga na gaya wa shugaban makaranta cewa bana ba zan ɗauki lesin ba sai na 'yan ajin ƙarshe, mako biyu kawai. Matata ta yi lissafin abin da za mu rasa, ba ta yi mini magana ba har kwana biyu. Aikin hutun da zan ba 'yan ajina guda ɗaya ne: kowa ya nemi mutumin da ya fi tsufa a danginsa ko a layinsu, ya zauna da shi sau uku, ya rubuto mini shafi biyu na abin da ya ji, da kalmomi ashirin na harshen gidansu da bai sani ba a dā. Zan karɓa ranar Litinin ta farko da komawa.