Likitan yara: dole sai an je Yamai?

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Amma ɗan kasuwar Tasawa, ko malamin lakwal a Birnin Ƙonni, in zazzaɓin damina ya kayar da ɗansa, da wuya ya samu ƙwararren likitan yara kusa da gida. Galibinsu suna Yamai, sauran a manyan biranen jahohi. Mai hali ya hau mota, ko ya tsallaka Katsina. Talaka ya koma ga mai tallan magani bisa tire.

A 2006 gwamnati ta mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Madalla. Sai dai doka ba ta duba marar lafiya, likita ke dubawa. Kuma amosanin jini ko fuka ba su barin yaro ranar da ya cika shekara 5. Daga nan nauyin kuɗi na wuyan uba.

Jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram suna horar da likitoci. Abin da ya rage shi ne guraben ƙwarewa a fannin yara, da gida da alawus ga duk wanda ya yarda ya zauna asibitin gunduma. Wannan, cikin kasafin kuɗi ake son ganinsa, ba cikin jawabi ba.