Furen Sau-Ciki: Gargaɗi Ga Maƙwabtan Dajin Falgore

Akwai wani fure da Turawa da mutanen Asiya su ke sawa a tukunya su ajiye cikin ɗaki, su riƙa yi masa hidima kamar yadda mai doki ya ke yi wa dokinsa. Sunan danginsa okid. Shi wannan an laƙaba masa sunan takalmi, domin leɓen furen na ƙasa ya kumbura ya yi aljihu, sak gaban takalmin nan sau-ciki. Masana tsire-tsire suna kiransa Paphiopedilum. Iri-irinsa sun fi 80, kuma asalinsu daga Indiya ne da kudancin Sin da Biyetnam da Tailan, har zuwa tsibirin Borniyo da Niyu Gini. Ko ɗaya ba ya fitowa da kansa a Afirka.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan manomin Tudun Wada ko na Doguwa da furen da ba a ci, ba a kuwa miya da shi? Ruwansa biyu ne. Na fari, sayar da fure ya zama sana'a. Duk wanda ya bi titunan Kano ko Kaduna ko Abuja zai ga masu lambun fure sun jera tukwane a bakin hanya, ma'aikata da attajirai suna tsayawa suna saye. Na biyu, wannan fure yana da 'yan'uwa a dazuzzukan Arewa, kuma abin da ya same shi a ƙasarsa yana iya samunsu a nan.

YADDA A KE RENONSA

Wanda ya sayi furen sau-ciki, ya san ba shukar gona ya saya ba. A ƙasarsa yana fitowa ne a ƙarƙashin manyan itatuwa, cikin ruɓaɓɓen ganye, ko a tsagar dutse inda raɓa ba ta yankewa. Saboda haka ba a sa shi cikin ƙasar gona, ba a kuwa zuba masa kashin shanu. In an yi haka saiwar za ta shaƙe ta ruɓe. Abin da ya ke so shi ne ɓawon itace da aka daddatsa ƙanana, a gauraya da ɗan gawayi da tsakuwa, a zuba cikin ƙaramar tukunya mai huji a gindi, yadda in an zuba ruwa zai wuce, iska kuma ta shiga.

Ba ya son rana ta buge shi kai tsaye. Hasken da ya dace da shi kamar na gindin mangwaro ne, ko na tagar da ta fuskanci gabas da sassafe. In ganyen ya fara yin rawaya ko ya ƙone a baki, rana ta yi yawa.

Wajen ban ruwa ne yawancin masu renonsa su ke faɗuwa. Sauran okid da yawa suna da kumburarren jiki inda su ke ajiye ruwa, shi kuwa ba shi da wannan rumbu. Don haka kada a bari tukunyar ta bushe ƙayau, kada kuma a bar gindinta tsundum cikin ruwa. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, amma da bazara a riƙa taɓawa da yatsa kullum. Ruwan sama ya fi, gama ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana ƙona saiwa. A zuba da safe, a kuma kiyaye kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganye, domin daga nan ruɓa ta ke farawa. Takin zamani kuwa, a narka kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalin, ba ƙari.

Zafin da ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 ne da 29 da rana, da dare kuwa 15 zuwa 18. Nan ne babbar wahala, domin a ƙasar Kano zafin watan Afrilu ya kan kai digiri 40, hunturu kuma ya zo da busasshiyar iska da ƙura. Dabarar da za ta taimaka ita ce a ajiye tukunyar kusa da randa, bisa jiƙaƙƙen yashi, cikin ɗakin ƙasa mai sanyi, a riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Mai saye ya zaɓi irin da ganyensa ke da dabbare-dabbare, kamar wanda a ke kira Maudiae, da aka haɗa a Ingila a 1900, domin ya fi jure ɗumi. Masu koren ganye zalla yawancinsu na kan duwatsu ne masu sanyi, sai dai ko a Jos.

In an kula da shi, fure ɗaya ya kan yi mako 6 zuwa 8 bai yanƙwane ba. Ko wane toho sau ɗaya ya ke yin fure, sa'an nan ya fid da sabon toho a gefensa. Bayan shekara ɗaya ko biyu a canza masa ɓawo. In ya yaɗu ana iya raba shi, amma ko wane rabo ya zama da toho uku.

Gaskiyar magana, wannan aikin ma'aikaci ne mai haƙuri, ko ɗan kasuwa mai sha'awa. Manomin da ke neman riba kada ya sayar da masararsa ya zuba kuɗin a nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

ABIN DA YA SAME SHI A ƘASARSA

Ƙwayar okid kamar ƙura ta ke, ba ta da abincin da za ta tsira da shi. A daji sai ta gamu da wata irin funfuna cikin ƙasa wadda za ta ciyar da ita kafin ta yi ganye, kuma daga tsira zuwa fure sai an yi shekaru. Watau abin da aka tumɓuke cikin yini ɗaya, daji ba ya mayar da shi da sauri.

Ingila tana da nata irin furen takalmin. Masu sha'awa suka yi ta haƙa suna kai wa lambunansu, har a 1917 aka ɗauka ya ƙare. Sai a 1930 aka tarar da gindi ɗaya tak a lardin Yokshaya, aka sa masa masu gadi shekara da shekaru. A Biyetnam an bayyana wani sabon iri a 1999, wani kuma a 2010. Ko wannensu, da labari ya kai kunnen dillalai, sai aka aika ƙauyawa su tumɓuko, aka saya a hannunsu da arha. Na 2010 ɗin cikin 'yan watanni aka kusa ƙarar da shi. Dillali ya ci riba ya tafi, mutanen ƙauye aka bar su da dutse fayau.

Saboda irin wannan ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar CITES a birnin Washinton a 1973, Nijeriya ta shiga a 1974. Tun 1990 an hana cinikin furen sau-ciki na daji tsakanin ƙasashe. Sauran okid duka, fid da su daga ƙasa sai da takardar izini, a nan kuwa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke ba da ita. Kuma ba wata larura da za ta sa a taɓa na daji, gama tun 1922 wani masani a Amurka, Lewis Knudson, ya gano yadda za a tsirar da ƙwayar cikin kwalba. Da wannan hanya ce Tailan da Taiwan su ke noman okid suna sayar wa duniya.

'YAN'UWANSA NA GIDA

Dajin Falgore yana wajen mil 90 kudu da Kano, a kan hanyar Jos. An keɓe shi tun zamanin En'e, daga baya cikin shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa wajen hekta 92,000. Kogin Kano ya ratsa ta cikinsa ya gangara madatsar Tiga ta ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974, ita ce kuwa ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Daji ne na doka da maɗaci da marke da ɗinya.

Irin wannan dajin doka shi ne mazaunin okid na Arewa. Akwai na ƙasa, waɗanda masana ke kira Eulophia. Suna da kwarar saiwa a binne, waɗansunsu su kan fid da doguwar sanda mai furanni shuɗi-shuɗi ko ja-ja bayan an ƙone daji, tun ganye bai fito ba. Akwai kuma na bisa, wanda ke maƙale wa reshen babban itace, mai fure rawaya da ɗige-ɗige kamar fatar damisa. Hausawa suna ce masa manta-uwa ko murucin bisa. Turawa sun sa masa suna Ansellia, don tunawa da John Ansell wanda ya samo shi a tsibirin Fanando Po a 1841. Ba kauci ba ne, ba ya shan jinin itace, wurin zama kawai ya ke nema. Yanzu yana cikin jerin tsire-tsiren da masana suka ce suna fuskantar barazana, saboda masu fure da masu magani suna ɗiba, masu gatari kuma suna kayar da itatuwan da ya ke hawa.

To, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ran da wani baƙo ya tsaya da mota a Tudun Wada ko Riruwai ya ce zai sayi buhun waɗannan tsire-tsire, a tuna da Biyetnam. Ɗibar wani abu daga gandun daji ba da izini ba laifi ne, kuma ɗan abin da za a samu ba zai kai damina ba.

ABIN DA YA KAMATA

Mai son shiga wannan sana'a ya fara da na gida, domin sun saba da bazara da hunturu. Manta-uwa yana jure fari, yana son haske, kuma yana rabuwa da sauƙi. A samo iri daga wanda ya riga ya rena, ko daga reshen da iska ta karya a gonar mutum, ba cikin gandu ba. A ɗaura shi a jikin mangwaro ko ɗorawa, ko a sa shi a tukunya mai ɓawo da gawayi. In ya cika, a raba, a sayar da rabo, a bar uwa. Haka mai akuya ya ke yi, ba ya yanka uwar garke.

Maginan tukwane su ma suna da rabo, in sun koyi gina ƙananan tukwane masu huji. Malaman gona da malaman daji na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ya kamata su nuna wa jama'a waɗannan tsire-tsire da sunayensu, hakimai da dagatai kuma su ja kunnen masu sara da masu gawayi.

Wanda ya ke son furen sau-ciki kuwa, ya saya a wurin mai lambun da zai iya faɗa masa inda aka tsirar da shi. In mai sayarwa ya ce daga daji aka tono, a bar masa kayansa.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.