Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar Bagudo zuwa Tsamiya, bakin iyakarmu da ƙasar Benin, ya ga tulin itace da buhunan gawayi jere a gefen titi. Da su iyayenmu mata ke girki, hayaƙi na cin idanunsu, daji kuwa kullum sai ƙara ja da baya yake yi. Abin tambaya shi ne, ina iskar gas ɗin girki da ake samu wajen tace ɗanyen mai?

Bari mu auna kanmu da maƙwabta. Gwamnatin Nijeriya na da matatun mai huɗu: Fatakwal ta 1965, Warri ta 1978, Kaduna ta 1980, da sabuwar Fatakwal ta 1989. A takarda, suna iya tace ganga 445,000 a kowace rana. Amma sun shafe shekaru suna tafiyar hawainiya, ta Kaduna kuwa, wadda ita kaɗai ce a Arewa, ta daɗe a kwance. Saboda haka gas ɗin da muke samu na fitowa ne daga Bonny da sauran masana'antun gas na Kudu, da jiragen ruwa na ƙetare, sai kuma matatar Dangote ta Legas da ta fara aiki a 2024. Kafin tanka ta kawo shi Jihar Kebbi, kuɗin mota ya hau kansa, ya fi ƙarfin talaka.

Dubi Nijar. Matatarta ɗaya ce tak, ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 kawai take tacewa a rana. Duk da haka tana fitar da gas, har ta sayar wa maƙwabta. Benin ba ta da matata ko ɗaya, nata gas ta teku yake zuwa. Senegal kuwa, ko da yake matatarta ƙarama ce, tun 1974 ta ɗauki manufar yaɗa girki da gas domin ceton dazuzzukanta, ta samar da ƙananan tukwane daidai aljihun mai ƙaramin ƙarfi, har gas ya zama abin girkin yawancin gidajen Dakar.

Ashe ke nan yawan matatu ba shi ne magani ba. Abin da ke kai gas murhun talaka shi ne matata mai aiki kusa da jama'a, da gwamnati mai niyya.

Don haka muna kira ga hukuma da ta tayar da matatar Kaduna, ta gina rumbun ajiyar gas a Birnin Kebbi, ta kuma sauƙaƙa kuɗin ƙaramar tukunya ga mutanen Bagudo, Illo da Ka'oje. Mu ɗalibai kuma, idan mun je hutu, mu koya wa iyayenmu yadda ake amfani da ita ba tare da haɗari ba, domin tsoron gobara ya hana da yawa kusantarta. Allah ya sa masu iko su ji.