Ina Muryar Masunci A Shafinmu?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati, ina da ƙorafi a kan abin da muke zubawa a shafukanmu na intanet, kuma da gidanmu zan fara.

A hutun da ya wuce aka ɗora mini kula da shafin wata ƙungiyar ɗalibai 'yan ƙasar Haɗeja. An gina shi da WordPress, manhajar nan ta tsara shafi wadda ta fito a shekarar 2003, har ga shi yau wajen kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita suke aiki. Amfaninta shi ne ba sai mutum ya iya rubutun kwamfuta ba. Ya zaɓi hoto ko sauti ko bidiyo, ya loda, ya danna, shi ke nan ya fita duniya. To, da na buɗe rumbun hotunan shafin, me na tarar? Shugaba a zaune, shugaba a tsaye, shugaba yana miƙa wa babban baƙo kyauta. Babu kogi, babu fadama, babu ko kwalekwale ɗaya. Baƙon da ya leƙo sai ya zaci mutanen Haɗeja a ɗakin taro ake haifarsu.

Alhali kuwa ƙasarmu ƙasar ruwa ce, kuma ruwan yana sauyawa a kan idonmu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, Kogin Haɗeja bai koma yadda kakanninmu suka san shi ba. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin ya bushe, wani ya zama tafki ba rani ba damina. A 2018 da 2020 da 2022 ambaliya ta ci gidaje da gonakin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. Wa ya ɗauki hotunan? Mu ne, da wayoyinmu. Ina suke yanzu? Sun nutse a Facebook da WhatsApp, babu kwanan wata, babu sunan gari, wasu kuma sun tafi tare da wayar da ta lalace. Nan da shekara goma, idan ɗalibin ilimin ƙasa a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ya nemi sanin inda ruwa ya kai, da me zai kafa hujja?

Ra'ayina shi ne murya ce ya kamata ta zo farko, hoto ya biyo baya, bidiyo ya zo ƙarshe. Na san wasu za su ce na juya al'amari, domin bidiyo ne abin yayi. Amma a dubi lissafi. Minti ɗaya na magana, idan an matse shi daidai, bai wuce rabin megabait ba, bidiyo kuwa mai wannan tsawon yakan ci ninki ashirin ko fiye. Wanda ke zaune a Dutse da intanet na ofis ba zai ji komai ba. Manomin da ya sayi datar naira ɗari biyu, yana ɗaga waya sama neman sabis, shi ne zai biya kuɗin burgarmu. Ban da haka, da yawa daga cikin iyayenmu ba su karanta boko, amma wa ya fi su sauraro? Mutanen da suka girma da rediyo a kunne ba sa bukatar a koya musu jin magana. Dattijon masunci ya zauna minti biyar ya lissafa kifayen da yake kamawa yana saurayi da waɗanda ya daina gani, ko makiyayi ya faɗi burtalin da ruwa ya cinye, wannan ya fi jawabin maraba ashirin.

Hoton ma akwai ladabinsa. Wanda waya ta ɗauka yakan kai megabait huɗu ko biyar, kuma ana iya rage shi ya koma kashi ɗaya cikin goma ba tare da ido ya ga bambanci ba. Tun 2021 WordPress ke karɓar hotuna ƙirar WebP, waɗanda suka fi sauƙin nauyi. Bidiyo mai tsawo kuma a ajiye shi a YouTube, a manna adireshinsa a shafi, maimakon a danƙara shi ya danne komai. Sai dai a riƙe asalinsa a hannu, domin gidan aro ba ya zama gado. Sannan ga gurbin bayani da manhajar ta tanada a ƙarƙashin kowane hoto, wanda kusan kowa ke tsallakewa don gaggawa. A rubuta gari, da rana, da abin da ake gani. Akwai ma wani gurbi na dabam wanda na'ura ke karanta wa makafi abin da ke cikinsa, kuma cika shi ba ya cin minti ɗaya.

Wani abokina ya ce da ni wannan aikin hukuma ne, ba na ɗalibai ba. Ya yi gaskiya ta wani gefe. Dausayin Nguru ya shiga jerin wuraren Ramsar tun 2000, Baturiya kuma a 2008, saboda tsuntsayen da ke ƙetarowa daga Turai, kuma masana daga nesa sun auna, sun rubuta rahotanni da Turanci. Amma ba su jin karin harshen mutanen Guri, kuma tsohuwa ba za ta saki jiki da su yadda za ta saki da jikanta ba.

Sai dai jikan nan ya ji tsoron Allah. Na ga hotunan mata da yara cikin ruwa, tufafi a jiƙe, ana yaɗawa ba da saninsu ba. A nemi izini kafin a ɗauka, a sake nema kafin a ɗora, wanda ya ce a'a a bar shi.

Ni dai na fara. Na cire hotunan taro talatin daga fuskar shafinmu, na sa hirar wani mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Haɗeja, minti huɗu, nauyinta megabait biyu. Shugabanmu bai yi mini magana ba tukuna.