Takarda Ba Ta Kankare Uba

A shekarar 2009, wani mutum mai suna William Marotta a garin Topeka, jihar Kansas ta Amurka, ya ga talla a shafin Craigslist: wasu mata biyu masu zaman tare suna neman mai ba su maniyyi. Ya ba su, suka rattaba hannu a takarda cewa ba shi da haƙƙi a kan abin da za a haifa, ba shi kuma da nauyinsa. Aka haifi 'ya mace. Da matan suka rabu, uwar ta nemi tallafin gwamnati, sai gwamnatin jihar ta maka shi kotu a 2012 ya biya kuɗin ciyarwa. A 2014 kotu ta ce shi ne uba, don ba likita ne ya yi aikin ba kamar yadda dokar jihar ta tanada. A 2016 kotun ta juya ta ce ba shi ba ne.

Jama'a, ku dubi wannan lamari da kyau. Ubancin yarinya ya koma rataye a kan ko likita ya halarta ko bai halarta ba! Gwamnati ma ba don tausayin yarinyar ta tashi ba, kuɗinta take son a maido mata. Kowa yana kare aljihunsa, ita kuwa wadda aka yi cinikin a kanta ba ta sa hannu a komai ba.

Ni dai na ce baligai uku ba su isa su yafe haƙƙin da ba nasu ba. Sanin uba da cin guminsa haƙƙin ɗa ne. Uwa ba ta da ikon kyautar da shi, likita ba ya da hatimin soke shi.

Masu kare wannan harka suna cewa in an ɗora wa masu bayarwa nauyi, za su gudu, marasa haihuwa su rasa mafita. Zafin rashin haihuwa gaskiya ne, ba mai raina shi. Amma harkar da ba ta tsayuwa sai an tauye jariri, ai tun tushe ta karkace. Birtaniya ta gane rabin wannan: daga 2005 ta daina ɓoye sunan mai bayarwa, ɗa zai iya neman sunansa in ya cika shekara 18. Sai dai ta bar shi ba ko sisi a wuyansa muddin ta asibiti mai lasisi ya bi. Suna ba ya sayen magani.

Malaman fiƙihu da suka zauna a Amman a 1986 sun halatta dashen ciki tsakanin miji da mata kaɗai, don kiyaye nasaba. Ƙasashen da suka zaɓi wata hanya kuwa, aƙalla su rubuta a doka cewa duk ranar da yaron ya shiga ƙunci, a nemo wanda ya bayar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.